Fentin Hoda a Injin Babur: Kuɗin Lalle Daban, Ladan Mai Ƙunshi Daban

Duk magidancin da ya taɓa biyan kuɗin ƙunshin Sallah ya san wani lissafi mai ɗaure kai. Garin lalle yana cikin mafi arahar kayan da ake aunawa a kasuwa. Na 'yan canji kaɗan ya ishi hannu da ƙafa, har a sam wa maƙwabciya. Amma in uwargida ta dawo daga gidan mai ƙunshi ta faɗi abin da ta biya, sai maigida ya gyara zama ya ce, “Hajiya, wai lallen ne ya hau haka?” Ita kuwa amsarta ɗaya ce kowace shekara: “Alhaji, ai ba lalle ka saya ba, aiki ka biya.”

Wannan tambayar ce ke fitowa daga bakin mai babur ranar da ya kwashi sassan injinsa ya kai wa masu fentin hoda. Murfin kuloci, murfin koyil, silinda da kan inji, duka-duka ba su cika jakar bakko ba. A Amurka, inda sana'ar take da shaguna a manya da ƙananan garuruwa, laba ɗaya ta garin fentin, wato ɗan ƙasa da rabin kilo, takan kama daga dala 10 zuwa 20 idan launin na yau da kullum ne. Amma shago yakan karɓi dala gommai a kan ƙaramin murfi guda, in kuwa aka haɗa sassan inji gaba ɗaya sai kuɗin ya haura dala ɗari, wani lokaci ya ninninka. Mai babur ya dubi 'yar hodar da aka fesa, ya dubi takardar kuɗi, zuciyarsa ta ce an cuce shi. Ba a cuce shi ba. Lalle ya gani, bai ga ƙunshi ba.

Fentin da muka saba da shi ruwa ne: a dama da tina, a fesa, tinar ta bi iska, launin ya bushe a jikin ƙarfe. Fentin hoda kuwa busasshen gari ne, haɗin dangin roba, galibi foliyesta ko efoksi, da launi, an niƙe su lilis. Ana zuba shi a wata bindigar feshi da ke ɗora wa kowace ƙwayar gari cajin lantarki mai ƙarfin bolt dubu 30 zuwa dubu 100, ko da yake wutar da ke gudana 'yar mitsitsiya ce. Shi kuma ƙarfen an rataye shi an haɗa shi da wayar ƙasa, saboda haka garin na fitowa sai ya nufe shi ya manne. A wannan gaɓar ko da baki ka hura, garin zai tashi. Sai an tura ƙarfen cikin tanderu mai zafin digiri 180 zuwa 200 a ma'aunin Selshiyos, ya yi minti 10 zuwa 20 bayan shi kansa ya ɗauki zafin, sannan garin ya narke, ya malale, ya ƙulle ya zama fata guda mai tauri wadda zafi ba ya sake narkarwa.

Dabarar ba ta jiya ba ce. A farkon shekarun 1950 wani masani Bajamushe, Erwin Gemmer, ya fito da hanyar tsoma ƙarfe mai zafi cikin garin roba da iska ke motsawa. A shekarun 1960 kuma aka samar da feshi da lantarki a Turai, shi ne ake amfani da shi har yau. Da yawanmu muna taɓa wannan fenti kullum ba mu sani ba, a jikin tagogin alminiyam, kujerun ƙarfe na ofis, da firam ɗin janareto. Masu babur suna sonsa ne don juriyarsa: ya fi fentin gwangwani kauri, ba ya saurin ɓamɓarewa in tsakuwa ta doke shi, kuma babu tina a cikinsa balle warinta ya hau kai.

To, nawa ne garin da inji ke ci? Kaurin da ake nema yakan kasance maikron 60 zuwa 100, wato bai wuce kashi ɗaya cikin goma na milimita ba. A irin wannan kauri, kilo ɗaya zai rufe kusan murabba'in mita 9 in babu asara. Ƙananan shaguna ba su da na'urar da manyan masana'antu ke tattara garin da ya zube su sake amfani da shi, don haka a ce rabi ya bi iska. Har yanzu saura murabba'in mita 4 zuwa 5, injin ƙaramin babur kuwa ko rabin kilo ba zai ci ba. Ashe a cikin takardar kuɗin nan, garin shi ne ƙaramin alhaki. Sauran duk lokacin mutum ne, da wuta, da kasadar da ya ɗauka.

Mu ɗauki injin da kowa ya sani, Honda CG125. Kamfanin Honda ya fito da shi a 1975, silinda ɗaya, iska ke sanyaya shi, an ƙera shi da niyyar ya jure wahala da ƙarancin kulawa a ƙasashe masu tasowa. A 1976 aka fara ƙera shi a Barazil, har yanzu ana yin sa a Pakistan, a Ingila kuma masu sha'awar tsofaffin babura suna farfaɗo da shi. Kwafinsa da kamfanonin Sin ke yi sun cika titunan Afirka ta Yamma, shi ya sa da wuya ka sami bakanike a Kano, Maraɗi ko Garwa da bai taɓa sauke irinsa ba. Idan aka bi wannan inji daga gareji zuwa tanderu, za a ga inda kowane kwabo yake shiga.

Kuɗin farko ma ba a shagon fenti ake biyansa ba. Mace ba ta zama gaban mai ƙunshi da zobba da awarwaro. Sai ta tuɓe su tukuna. Shi ma inji ba a kai shi dunƙule. Duk abin da ba zai jure zafin digiri 200 ba dole ya fita: boris, oyil sil, gaskit, robobi, koyil da wayoyinsa, da duk abin da aka yi da leda. Ke nan sai bakanike ya sauke inji ya yi masa fata-fata, daga baya ya sake haɗawa. Gaskit da sil ɗin da aka ɓamɓare ba sa komawa, sai sababbi. Sau da yawa kuma in aka buɗe inji sai a tarar da ringi ya ci, ko boris na kuka, mai babur ya ce tun da an buɗe a canza. Mutane da dama sun shiga da niyyar kwalliya, sun fito da cikakken aikin inji a wuyansu.

Sai wanki. Kowace mai ƙunshi takan gargaɗi mai zuwa wurinta: “Yaya, kar ki shafa mai, ki wanke ƙafar tas.” Lalle ba ya kama fatar da ke da maiƙo. Amarya kuwa sai an yi kwanaki ana gyaran jiki, ana dilka da halawa irin na matan Sudan da Borno, kafin a zo kan zane, kuma kowa ya san kuɗin gyaran jikin nan ya ninka na lallen. Matsalar inji ta fi ta fata tsanani. Murafunsa da kansa zubin alminiyam ne, zubi kuwa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Injin da ya shekara goma yana aiki ya sha baƙin mai ya ƙoshi, man ya shige cikin ƙofofin nan ya kwanta. Ka wanke samansa da fetur da omo ya yi fes, amma yana shiga tanderu zafi zai tura man da iskar da ke ciki waje, su huda fentin yana tsakiyar narkewa. Abin da zai fito shi ne fuska mai ƙuraje da ƙananan ramuka.

Maganin haka shi ne gashi biyu. Shagon da ya san aikinsa yakan fara gasa sassan tsirara, a zafin da ya ɗan ɗara na fentin, har man ya gama tsattsafowa yana hayaƙi, sannan a sake wankewa. Tsohon injin da ya jiƙe da mai wani lokaci sai an maimaita masa. Wannan gashin farko yana cin wuta daidai da na biyu ko fiye, amma mai babur ba ya ganin alamarsa a jikin kaya. Shi ya sa sabon murfi daga kwali ya fi tsoho arahar fesawa, ko da girmansu ɗaya. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi: in an taɓa yi wa murfinka walda, ko an cike tsaga da gam, ka faɗa tun wuri, domin yawancin gam da fila ba sa jure tanderu.

Bayan wanki sai kankara. Dole tsohon fenti da tsatsa su fita har a ga tsabar ƙarfe, kuma a ɗan ƙanƙara fuskarsa don fentin ya sami abin riƙewa. Sanfefa ba ta shiga lunguna, don haka ana feshin ƙananan ƙwayoyi da iskar kwamfuresa mai ƙarfi a cikin rufaffen akwati. Ana amfani da garin alminiyam oksaid, ko ƙwayoyin gilashi, ko niƙaƙƙen ɓawon gyaɗar Turai don sassa masu laushi. Yashin rafi shi ne mafi araha, amma ƙurarsa na jawo cutar huhu da ba ta warkewa, abin da ya sa Birtaniya ta hana feshi da shi tun wajajen 1950. Alminiyam yana da laushi. In aka saki iska da yawa ko aka yi amfani da ƙwaya mai kaushi, sai a cinye lambar inji ko a lalata gefen da gaskit ke zama. Hannun da ya san iyakar nan ba a samunsa a banza.

Yanzu mun iso inda kuɗin ya fi taruwa. Duk wanda ya taɓa kallon mai jan lalle tana aiki ya san ba shafa lallen ke cin rana ba, salatif ne. Za ta shimfiɗa shi a kan tayil, ta sa reza ta yayyanka siri-siri, ta fitar da fure da layi, ta bi ƙafa tana liƙawa ɗaya bayan ɗaya. Sai ta gama rufe duk inda ba ta son lalle ya taɓa, sannan ta ɗebo kwaɓin ta shafe cikin 'yan mintuna. Kyan ƙunshin ba daga inda lalle ya hau yake fitowa ba kawai, har da inda aka hana shi hawa. Kuma farashinta yana bin wahalar zanen, ba ya bin yawan lallen da ta kwaɓa.

Haka mai fentin hoda yake zama da kan inji a gabansa, da salatif na musamman mai jure zafi, da toshiyoyin robar silikon manya da ƙanana. Fuskar da gaskit ke kwanciya dole ta zauna sumul, in fenti ya hau ta mai zai riƙa yoyo. Gurbin boris an auna shi da kason ɗari na milimita, maikron 80 na fenti ya isa ya hana boris shiga. Kowane ramin noti sai an toshe shi, in ba haka ba haƙoransa su cike, bakanike ya matsa da ƙarfi ya cinye su. Ramin fulogi, hanyoyin mai, cikin silinda, mazaunin bawul, duk sai an rufe. Akwai kuma wuraren da sabon shiga ke mantawa. Fentin hoda ba ya barin lantarki ya wuce, don haka in ya rufe inda wayar ƙasa ke kama jikin inji, sai a haɗa babur ya ƙi tashi, a yi ta zargin batir. Fentin da ke ƙarƙashin kan noti kuma yakan lotsa idan inji ya yi zafi, notin da aka ɗaure tamau ya saki. Murfin gefe mai santsi na iya ɗaukar 'yan mintuna, amma kan inji ko bulo na iya cinye awa guda ko fiye ana liƙe-liƙe. A shagon da ke caji da awa, wannan shi ne rabin labarin.

Feshin kansa gajere ne, sai dai a kan silinda. Mai ƙunshi ta san tafin hannu ba ya ba da wahala, tsakanin yatsu ne ke nuna gwana. Silinda da kan inji suna da siraran fikafikai jere da juna don iska ta ratsa ta kwashe zafi. Garin da ke ɗauke da caji yakan taru a bakin fikafikan ya ƙi shiga zurfin tsakaninsu, saboda ƙarfin lantarkin yana tsayawa ne a gefen waje. Masu sana'ar suna danganta wannan da kejin da masanin Ingila Michael Faraday ya gwada a 1836. Wanda bai iya ba zai yi ta ƙara feshi har bakin fikafikai ya yi kauri, cikinsu kuwa tsirara. Gwani yakan rage ƙarfin bindiga, ya fara da lunguna, ya bi a hankali. Don haka silinda, duk da ƙanƙantarta, takan fi faffaɗan murfi tsada.

Sai zaman jira. Iyayenmu mata sukan cusa hannu cikin zunguru su kwana da shi, 'yan yanzu kuma a ɗaure musu da leda su zauna a wuri mai ɗumi, domin lalle na son zafi da haƙuri. Wadda ta ƙosa ta kwance da wuri, nata ya fito fari-fari. Tanderun fenti ma haka yake. Lokacin gashi ba ya farawa sai ƙarfen ya kai zafin da ake so, kan inji mai kauri kuwa ya fi siririn murfi daɗewa kafin ya ɗauka. In aka fitar da wuri, fentin zai yi sheƙi a ido amma bai ƙulle ba, fetur na zuba a kai ya yi laushi. In aka wuce lokaci, fari ya koma rawaya, wasu nau'o'in alminiyam kuma ƙarfinsu ya ragu. Ga wata kasadar: alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfe, don haka hannun rigar ƙarfe da ke cikin silinda na iya motsawa daga mazauninsa in ba a kula da yadda aka ajiye ta ba.

Tanderu ba ya sanin ko murfi ɗaya aka sa masa ko ashirin, wutar da zai ci kusan ɗaya ce. Wannan ne dalilin da ya sa yawancin shaguna suke da mafi ƙarancin kuɗin da suke karɓa, komai ƙanƙantar kayanka. Mata sun daɗe da gane wannan: in za a kira mai ƙunshi gida, sai amarya ta tara ƙawaye, kwaɓi ɗaya ya ishi kowa, kuɗin zuwa ya rabu. Mai babur da ya kai sassansa duka lokaci guda, launi ɗaya, ko ya haɗa da na abokansa, ko ya yarda ya jira ranar da shago zai fesa baƙi, zai biya ƙasa da wanda ya kawo murfi ɗaya yana son kore yau-yau. Canza launi aiki ne, sai an fyaɗe bindiga da tiyo da ɗakin feshi, domin 'yan ƙwayoyin ja a cikin fari sun isa su ɓata aiki. Launukan da ke walƙiya kamar alewa kuwa hawa biyu ne ko uku, na ƙasa mai ruwan azurfa, na sama mai ratsa haske, kowanne da nasa gashin. A ƙasashenmu kuma akwai ƙarin nauyi biyu. Tanderu da kwamfuresa suna son wutar da ba ta yankewa, wadda sau da yawa dizal ce ke samar da ita. Garin kansa yana son ajiya mai sanyi da bushewa, in ya sha zafin bazara sai ya dunƙule.

Akwai aiki na ƙarshe da ba a rubuta shi a takardar kuɗi, amma shi ne ke raba kwalliya da asara. Ƙwayoyin da aka kankare inji da su sukan maƙale a hanyoyin mai da ramukan noti, wasu ma su nutse a jikin alminiyam sai inji ya yi zafi su saki. CG125 ba shi da filtar takarda. 'Yar raga gare shi da wata matata mai juyawa a kan karanshaf, man da ke cikinsa kuwa wajen lita ɗaya ne. Ɗan abin da ya rage na ƙwayar gilashi zai bi man nan ya zagaya boris, fistin da bangon silinda yana gurzarsu. Injin da aka fito da shi yana ƙyalli sai ya fara hayaƙi, ko ya buga cikin 'yan makonni. Garin neman gira an rasa ido. Dole a wanke kowace hanya da ruwan zafi da sabulu da siririn buroshi, a hura iska, a maimaita har farin ƙyalle ya fito fari. Ko shago ya ce ya wanke, bakaniken kirki zai sake wankewa.

Ba kuma ko'ina ake sa lalle ba. Yana da wurarensa da al'ada ta sani. Murafun gefe, waɗanda zafinsu bai cika wuce na man inji ba, su ne suka fi dacewa da fentin hoda. Kan inji ta wajen bakin salansa yakan yi zafin da ke kusantar na tanderu, a nan launi kan dushe da daɗewa. Wuyan salansa kuwa yana haura digiri 500, fentin yau da kullum zai ƙone ya zube. Wurin yana buƙatar gari na musamman mai silikon, ko shafen seramik, waɗanda suka fi tsada kuma launukansu kaɗan ne. Batun ko fenti yana hana inji sanyi ma yana da amsa madaidaiciya: siririn shafi ba ya yin wata illa ta a-zo-a-gani, kamfanoni da kansu suna fitar da silinda da baƙin fenti. Amma shafi mai kauri da ya cike tsakanin fikafikai yana rage hanyar iska. Wanda ke hawa babur a Sakkwato ko Maiduguri cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, ba shi da rarar sanyin da zai yi wasa da ita. Zaɓin gari ma yana da muhimmanci: efoksi ya fi jure fetur da sinadarai amma rana na kashe masa sheƙi, foliyesta kuwa ya fi jure rana.

To, mai araha fa? A kowace unguwa akwai mai ƙunshin da ke gamawa da wuri, ta zuba maganin rinin gashi a baƙin lalle don ya kama nan take, wasu matan kuma su tashi da fata ta kumbura ta yi ƙuna. Mai fentin da ya karya farashi da rabi ba a garin ya rage ba, domin mun ga garin ba komai ba ne. A gashin farko ya rage, ko a salatif, ko a wankin ƙarshe, wato daidai wuraren da ido ba ya gani ranar karɓar kaya. Araha ba ta ado. A nan ne kuma lalle ya fi fentin hoda rangwame. Ƙunshin da ya ɓaci, mako biyu ko uku ya goge da kansa, a sake wani. Fentin hoda ba ya gogewa. Ba a yi masa faci ya saje, kuma cire shi sai da sinadari mai ƙarfi ko doguwar kankara, aikin da ya fi cire fentin ruwa wahala. Wanda ya kai gyaran aikin wani yakan biya kuɗin cirewa, sannan ya biya na sabo.

Wasu sukan ce to bari su yi da kansu, kamar yadda 'yan mata ke yi wa juna ƙunshi a tsakar gida. Ana sayar da ƙananan bindigogin feshi a Amurka a kan abin da bai wuce dala ɗari ɗaya ko biyu ba, kuma ga ƙananan murafu abin yana yiwuwa. Amma bindiga ita ce mafi sauƙi a cikin kayan. Ana buƙatar kwamfuresa mai busasshiyar iska, akwatin kankara, ma'aunin zafi, takunkumin fuska na ƙwarai, da tanderun da ba za a sake gasa abinci a cikinsa ba har abada. Garin da ke yawo a iska yana iya kama wuta in ya gamu da tartsatsi ko harshen gas. Don inji ɗaya tak, kayan aikin sun fi kuɗin shago. Ribar tana ga wanda zai mai da abin sana'a.

Hukuncin dai bai da wahala. Mai babur ɗin neman abinci, wanda kowane yini na zaman gareji asara ne gare shi, ba ya buƙatar fentin hoda a inji. Wanki mai kyau da gwangwanin fentin inji mai jure zafi sun ishe shi, ko ya sa a goge murafun su yi ƙyalli, kuɗin kuma ya tafi ga mai, taya da birki. Amma wanda ke farfaɗo da tsohon babur da yake ƙauna, ko wanda dama ya sauke inji don babban gyara, wannan ne lokacinsa, domin kuɗin kwancewa da gaskit ya riga ya hau kansa.

In ka tsaya gaban mai fenti, kar ka fara da “Malam, nawa ne gaskiya?” Fara da tambayoyi huɗu: Za ka gasa su tsirara kafin feshi? Da me za ka kankare? Wa zai rufe mazaunin gaskit, boris da ramukan noti, ni ko kai? Wa zai wanke hanyoyin mai bayan an gama? Ka nemi ya nuna maka silindar da ya taɓa yi, ka leƙa tsakanin fikafikanta. Wanda ya amsa dalla-dalla, ka biya shi abin da ya nema ko da ya yi maka nauyi. Wanda ya ce “Alhaji, kar ka damu, gobe ka zo ka ɗauka,” ka tattara kayanka ka nemi wani.